Garin Gero a Ɗaki na Huɗu

Ku da kuka tarar da labarin nan a bakin mutane, a karkace kuka ji shi. An gaya muku wai na zuba magani a injin Nasara aka kore ni daga aiki. Kora dai an kore ni, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma abin da na zuba garin gero ne, irin wanda nake dama muku kunu da shi, kuma da hankalina na zuba. Tunda Allah ya bar ni da rai, ga kuma mai rubuta mini, to ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta yi.

Ni ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya. A wani ƙauye gabas da Damagaram na girma, tsakanin turmi da hauya. Kakanku Malam Isufu ya riga ni zuwa Faransa, daga baya ya ɗauko ni muka zauna a Vénissieux, gefen Lyon, hawa na goma sha ɗaya a dogayen gidajen Minguettes. Shi yana ɗaukar kaya a wani babban sito, ni ina shara. Na share ofisoshi, na share matakala, daga ƙarshe aka tura ni wani gidan wasan golf na cikin ɗaki. Golf dai kun san shi, ƙaramin farin ƙwallo ne ake bugawa da sandar ƙarfe har ya faɗa rami, wanda ya kai da bugu kaɗan shi ya ci. To a gidan nan ba fili, ba iska, ba ƙasa. Ɗakuna huɗu ne, kowanne da farin ƙyalle a bango ana haska hoton fili a kai, da tabarmar ciyawar roba a ƙasa, da waɗansu ƙananan idanu na inji jere a gaban tabarmar. Mutum ya buga, ƙwallon ya daki ƙyallen ya faɗo, sai ka ga wani ƙwallon a hoto yana tashi, injin ya rubuta nisan da ya yi da inda ya nufa. Mai gidan wani Nasara ne, Bernar, dogo mai sanƙo, shi ne kuma malamin wasan. Yana son injin nan nasa kamar ɗan da ya haifa. Kullum yana gaya wa baƙi cewa ko taki ɗaya ba ya kuskurewa.

Autata Zainabu a nan Lyon aka haife ta. Tana 'yar shekara goma sha uku lakkwal ɗinsu ta kai su filin golf, ta dawo ba ta da zance sai shi. Lokacin hutu takan bi ni aiki, Bernar ya ga yadda take juya sanda, ya ce ta riƙa bugawa da safe a ɗaki na huɗu kafin a buɗe. Da ta girma ya ɗauke ta aikin tarbar baƙi. Filayen gaske suna da nisa, sai mai mota, don haka ba ta samun zuwa sai jefi-jefi, yawanci da bazara lokacin da ƙasa ta bushe ta yi tauri. A ɗakin nan ta koyi kusan duk abin da ta iya, kuma a jikin ƙyallen babu mai kama ta, har likitoci da lauyoyin da ke zuwa sukan tsaya kallo. Burinta ta zama malamar golf. Kafin a karɓi mutum a makarantar malaman sai ya ci jarrabawar bugu a filin gaske, ramuka goma sha takwas, kada ya wuce adadin da aka yanke.

Ta je karo na farko da kaka, ana ruwa, ta faɗi. Ta dawo da laka har gwiwa. Ta ce sandar ƙasa take haƙa, ƙwallon ba ya kaiwa inda ta saba, sau uku yana faɗawa tafki. Bernar ya ce tsoro ne ya kama ta, ita ma ta ce tsoro ne. Babanta Malam Isufu ya saurara har ta gama, sannan ya ce shekararta ashirin da biyu, ba za ta ƙare rayuwa tana bin ƙwallo ba. Za a sake jarrabawar a ƙarshen sanyi a wani fili kusa da Paris. Ta je, ya yarda. In ta sake faɗuwa, akwai gurbi a sitonsu, ya riga ya yi magana da shugabansu, kuma ba za a ƙara ambaton golf a gidansa ba. Malam ba mai yawan magana ba ne, in ya faɗi abu ya zauna. Zainabu ta ce ta ji.

Ni ban yarda da zancen tsoro ba. Yarinyar da tana shekara bakwai ta tsaya gaban karen maƙwabcinmu a cikin asansar, akwatin nan mai hawa bene da mutane, ba ta ja baya ba, ita ce ciyawa za ta ba tsoro? Sai na fara lura. Kowace safiya ni nake bin tabarmar ɗaki na huɗu da injin zuƙar ƙura, nakan ja shi gefe ɗaya har ciyawar robar ta miƙe tsaye kamar an taje kai. In Zainabu ta gama bugunta na dawo, sai in ga inda ciyawar ta kwanta. Ba daga inda take ajiye ƙwallon kwanciyar ke farawa ba, daga baya ne, kamar yatsa uku. Kullum haka. Na duba gindin sandunanta, duk sun yi kore da roba. Daga nan na koma sauraro. Ina goge madubi a waje ina jin bugunta, sai na ji ƙara biyu ce manne da juna. Duk wadda ta yi daka ta san wannan. In taɓarya ta sauka a tsakiyar hatsi, ƙara ɗaya ce cikakka. In ta goga bakin turmi kafin ta sauka, ko kina bayan katanga za ki ji, ki kuma san yarinya ce ke daka. Sandar Zainabu tabarma take fara duka. Tabarmar kuwa tauri gare ta, sai ta tunkuɗo sandar ta zame ta sami ƙwallon, ƙwallon ya tashi lafiya lau. Wadda ta yi noma ta san busasshiyar ƙasa tana mayar da hauya, jiƙaƙƙiya kuwa haɗiye ta take yi.

Na gaya mata a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna komawa gida. Ta yi dariya, ta dafa kafaɗata, ta ce injin yana auna abin da idon mutum ba ya gani, in da tana dukan tabarma da ya nuna. Na ce injin ƙwallo yake kallo, wa ya sa shi kallon ƙasa? Ta ce in bar wa masu abin abinsu. Washegari na sami Bernar da ɗan Faransancina na shara. Bai raina ni a fuska ba, mutumin kirki ne, amma ya kai ni gaban ƙyallen ya nuna mini lambobi jere kamar tururuwa, bugu goma duk wuri ɗaya, ya ce wadda ke dukan ƙasa ba ta yin haka. Ya ce zai koya mata numfashi saboda tsoro. Sati biyu ina kallon ɗiyata tana lumshe ido tana jan numfashi, sannan ta daki tabarma, injin ya yaba mata. Saura wata biyu jarrabawa.

Na yi tunani a kan abin. Ba ni da lambobi, ba ni da kalmominsu, sai dai in sa su gani da idonsu. A gida in ana son a san inda ɓera ke bi a rumbu, toka ake barbaɗawa. Ran wata Talata na ƙulla gari a leda na sa a aljihun rigar aiki. Zainabu ta ajiye ƙwallo, na ce ta dakata. Na durƙusa na ja siririn layi na gari a bayan ƙwallon, yatsa biyu tsakani.

"Inna, mene ne haka kuma?"

"In ƙwallo kike fara duka, garin nan ba zai motsa ba. Buga mu gani, Auta."

Ta waiga ƙofa, ta ga Bernar yana can ofis, ta buga. Gari ya tashi kamar an busa murhu, ya rufe mata takalma, ya hau girarta. A jikin ƙyallen kuwa ƙwallon ya tashi ɗoɗar ya sauka dab da tutar da ke bakin rami, injin ya yi ɗan kiɗan da yake yi in an yi bugu mai kyau. Ta ce kuskure ne. Na sake ja, ta sake bugawa, gari ya sake tashi, injin ya sake kiɗa. Sau bakwai. A na takwas ƙyallen ya daina nuna kome. Garin ya shige idanun nan na ƙasa, ya bi iska ya shiga akwatin da ke haska hoto. Ni ban san abin ba ya son gari har haka ba, wannan kuskurena ne, na kuma ɗauka. Bernar ya shigo ya tarar da mu fari fat kamar masu niƙa. Fuskarsa ta yi ja har tsakiyar sanƙon. Kwana biyar ɗakin yana rufe ana jiran mai gyara, kafin kwana biyar ɗin kuwa kamfanin sharar ya kira ni ya ce Bernar ba ya son ya sake ganina. Shekara tara na yi ina goge gidan nan.

Abin da ya biyo baya ya fi korar ciwo. Zainabu ta daina yi mini magana, sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Ta ce wa yayarta na kunyata ta gaban mutumin da ya yi mata kome. Zance ya bi matakala hawa-hawa, kafin Juma'a matan unguwa sun gama yanke cewa wani malami ne ya aiko mini da garin daga gida don yarinyar ta ci jarrabawa. Wata har ta tare ni a kasuwa tana tambaya a asirce ko akwai saura, ɗanta zai yi jarrabawar tuƙi. Malam ya dube ni da yamma muna cin tuwo, ya ce shi dai a saninsa gero na ci ne, bai taɓa jin an ba inji ba. Na ce injin ma bai ƙi ba, shaƙewa ya yi. Ya murmusa. Amma na ga ya soma karɓar aikin Asabar, ga bayansa da ke ciwo, na kuwa san gurbin albashina yake cikewa.

Kwana tara ana haka. Ran na goma, na idar da sallar asuba ina kan darduma, sai ga ta tsaye a ƙofa da sanda ɗaya a hannu, ba ta kalle ni ba.

"Inna, a wajen gyaran an kawo sabuwar tabarma. Kwana uku na yi a kanta, ta kwanta daidai inda kika ce."

"To."

"Ina za mu sami ƙasa?"

Akwai wani kango bayan situna, can inda tiram, jirgin nan mai bin titi, ke juyawa, ciyawa da laka ba mai kula da shi. Nan muka mayar makaranta. Tunda ba ni da aiki, lokaci ya samu. Kowace safiya in ɗauki 'yar kujerata da bargo, sanyi yana cin yatsu, ita ta ɗauki sanda da ƙwallaye masu taushi da ba sa nisa. In ja layi a ƙasa da tsinke, ta ajiye ƙwallo a kan layin, dokar ɗaya ce, duk ƙasar da sanda za ta ɗebe ta kasance gaban layi. Ranar farko ta yi kuka. Laka ta riƙa tashi tana faɗo mata a ka, ƙwallon yana mirginawa nan gabanta kamar ɗan tsako. Na ce ta yi kukanta ta gama, wannan shi ne bugunta na gaskiya, yau ta fara ganinsa. Ni ban san yadda ake riƙe sanda ba, ban kuma yi ƙaryar na sani ba. Abin da na gaya mata shi ne mai daka ba ta jingina baya, nauyinta a kan turmi yake. Ita ta juya maganar yadda ta dace da wasansu, ta mayar da nauyinta ƙafar gaba. Da sati biyu suka wuce na daina dubawa. In juya mata baya in rufe ido, in ta buga in ce ƙasa, ko in ce ƙwallo. Ta duba layi ta tarar haka ne. Har ta fara gwada ni, ta yi ganganci ta daki ƙasa kaɗan don ta kama ni, ban taɓa faɗuwa ba. Direbobin manyan motoci da ke wucewa suka saba da mu, suna yi mana oda.

Kada ku ce na zagi injin Bernar, ban zage shi ba, yau ma ba zan zage shi ba. Da rana Zainabu takan koma wurin injin, kuma ya yi mata amfanin da ni ba zan iya ba. Shi ya gaya mata wace sanda ke kai ina, da yadda ƙwallonta ke karkata dama in ta gaji. Abin da ya gani gaskiya yake faɗa. Daga lokacin da ƙwallo ya bar sanda babu wanda ya fi shi sani, abin da ya faru kafin nan ne ba a ba shi idon gani ba. Ta ce mini da farko lambobinta sun ragu, Bernar ya damu ya ce wa ke ɓata mata hannu, ita dai ta ci gaba da bugunta. Daga baya suka dawo, har suka ɗara na da. Bai sake tambaya ba, sai dai ta ce wata rana ta same shi durƙushe yana shafa tabarmar ɗaki na biyu da tafin hannu.

Da lokaci ya yi na ce da ni za a je. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, muka sauka Bobigny gidan ƙanwata Rakiya. Mijinta ya kai mu filin da sassafe. Kwana uku ana ruwa, ranar ma yayyafi ake, ƙasa ta jiƙe har takalmi na nutsewa. Zainabu ta dubi sama ta dube ni, na ce ai irin ta kangonmu ce, har ta fi tsabta. An yarda 'yan uwa su bi daga nesa, ba magana, ba nuni. Na ɗaura zanena na shadda, na ɗora babbar rigar sanyi ta Malam, na sa takalman roba na Rakiya. Duk filin babu mai kama da ni, na kuwa taka shi kamar gonar ubana.

Awa huɗu da wani abu muna tafiya. Ban iya ƙirgar wasansu ba, amma na iya karanta bayan ɗiyata. Na ga samari biyu da ke tare da ita, masu jakunkuna masu tsada, suna tono laka suna duban gindin sanda, na ce a raina 'yan ɗaki ne ku ma. Ita ma ta yi ɓata, ƙwallonta ya shiga itatuwa sau ɗaya, ta kuskure rami na kusa sau biyu. Da muka zo rami na goma sha bakwai mijin Rakiya, da yake bin lissafin, ya raɗa mini cewa bugu ɗaya ne ya rage mata na rara. In ƙwallon ya faɗa ruwa, hukuncin da za a ƙara mata zai cinye shi har ya wuce. Ga tafki shimfiɗe tsakaninta da tuta, ƙwallonta kuma yana zaune a wani ɗan kwari mai laka. Ta zaro sanda. Ni kuwa na juya baya, na fuskanci itatuwa, na rufe ido. Wata Nasara da ke kusa ta ɗauka tsoro ne ya hana ni kallo, ta kama hannuna tana lallashi.

Ƙara ɗaya na ji, cikakka.

Na ce wa mijin Rakiya ya haye. Ya ce Hajiya ki bari ya sauka tukuna. Na ce kai ka jira, ni na riga na ji. Kafin ya rufe baki mutanen da ke can gefen tuta suka soma tafi. Rami na ƙarshe ta bi shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ta gama daidai, da bugunta ɗaya na rara a hannu.

A ɗakin da ake miƙa takardu wani dattijo mai farin gashi ya duba lissafin sau biyu, ya sa hannu, ya miƙa mata hannu ya ce ta samu. Ba ta yi tsalle ba. Ta zo ta sa goshinta a kafaɗata, rigar babanta ta jiƙe a wurin, ba kuma ruwan sama ba ne. Mijin Rakiya ya kira Malam a waya ya ba ni. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce yaya. Na ce ya gaya wa shugabansu ya ba wani gurbin. Sai na ji yana faɗa wa abokan aikinsa da Faransanci, da ƙarfi, shi da ba ya ɗaga murya.

Dattijon nan bai gama da mu ba. Akwai takardar shiga makarantar da za a cike, da wurin da ake rubuta sunan wanda ya horar da mutum. Zainabu ta ce a rubuta Bernar, don shi ya fara ba ta sanda, hakkinsa ne. Sannan ta ce a ƙara suna na biyu, ta faɗi nawa, Mariyama Isufu, ta bi shi harafi-harafi har ya rubuta daidai. Ya ɗago ya dube ni, daga ɗankwali har takalman roba, ya ce shi dai ya ga bugun nan na goma sha bakwai, ba kowa ke fitar da ƙwallo daga irin wurin ba. Ya tambaya cikin ladabi, Zainabu tana fassara mini, shekara nawa Madam ta yi tana buga golf, kuma a wane fili.

Na gyara rigata na ce:

"Gaya masa ban taɓa buga ko ɗaya ba. In yana da waɗansu yaran da ke tono ƙasa, ya turo su Vénissieux, ina fita ƙarfe bakwai."